Toyota Highlander ta hannu, ƙirar 2008 zuwa 2013: in saya ko in haƙura?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu Highlander da waɗanda suka taɓa riƙe ta. Shekara tara ke nan ina hawa Corolla 2005, ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai dai gida ya cika. Yara biyar, ga mahaifiyarsu, ga Hajiyarmu da ta dawo wurina bara. Duk ƙarshen wata muna zuwa gida can ƙasar Sumaila, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙauyenmu burji ne. Da damina sai mu ajiye mota a gidan wani ɗan'uwa mu hau babur, abin da Hajiya ba za ta iya ba yanzu saboda ciwon gwiwa.

An nuna mini guda biyu. Ɗaya 2008 ce, fulogi shida, Beljiyom, ko lamba ba a yi mata ba. Ɗayar 2011, fulogi huɗu, an hau ta a nan Kano kamar shekara uku. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ni ma'aikaci ne, albashi nake jira. Don Allah a gaya mini alherinta da sharrinta, kada a ɓoye mini komai.

Dan_Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam ka rufe ido ka ɗauki ta fulogi shidan. Tawa 2010 ce, shekara shida tana hannuna. Na je Maiduguri da ita, na je Sakkwato, Abuja kuwa ban san adadi ba. Ban da juye da birki da taya, abin da na taɓa canzawa shokozoba ne na gaba da wotafam. Ko ka cika ta da mutane da kaya, in ka taka za ta amsa. Kuma ranar da ka ce za ka sayar, kafin la'asar an saye.

Malam_Hotoro:
Dan_Kwari, kai ɗan kasuwa ne, shi kuma ya ce albashi yake jira. A yi wa mutum adalci. Ni na sayar da tawa ƙarshen 2023, kuma ba don ta lalace ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, motar ta koma ado a ƙofar gida. Tankinta ya haura lita 70 kaɗan. A cikin gari, da esi a kunne, da cunkoson titin Zariya da na Murtala Mohammed, lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita 6. A doguwar hanya ne take sassautawa, ta ba ka 9 ko 10. Na so motar nan ƙwarai, har yau in na gan ta a titi sai na bi ta da kallo, amma abincin yara ya fi ta.

Abban_Sadiq:
Na gode Malam. Wannan shi ne babban abin da yake tsorata ni. Daga Rijiyar Zaki nake zuwa aiki, da kai yara makaranta da ɗauko su ina yin kusan kilomita 30 a rana.

Malam_Hotoro:
To lissafa da kanka. Kilomita 30 sau ranakun aiki 22, kilomita 660 ke nan. A Highlander lita 110. Corollarka in tana ba ka kilomita 10 a lita, 66 take sha. Bambancin lita 44 duk wata, ba a sa tafiyar Sumaila ba, ba a sa zuwa biki da gaisuwa ba. Ka ninka da farashin da ka sha mai yau ka ga ko albashin zai ɗauka.

Usta_KofarRuwa:
Salam. Ni bakanike ne, shekarata ashirin da ɗoriya a kan Toyota, kuma wannan motar tana shigowa garejinmu kusan kullum. Bari in yi bayani dalla-dalla, mai haƙurin karatu ya karanta.

Fulogi shidan nan injin 2GR ne, lita 3.5, shi ne a cikin Sienna ta 2007 zuwa sama, da RX350, da Avalon, da Camry mai fulogi shida. Amfanin haka, kayansa sun cika Kofar Ruwa, sabo da na gwanjo, ba za ka kwana kana jiran kaya daga Legas ba. Kuma sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba. Tsohuwar Highlander ta 2001 zuwa 2007 mai fulogi shida ita ce mai tayimin bel da ake canzawa. Wannan in kana juye a kan lokaci da mai na kirki, sarƙar za ta daɗe ba ka taɓa ta ba.

Inda yake da rauni wuri huɗu ne da na fi gani.

Na farko, a na farko-farkon, musamman 2008, akwai wani bututun bakin mai da yake kai mai kan inji, tsakiyarsa roba ce. In robar ta tsufa fashewa take yi, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintoci kana tafe ba ka sani ba. Kamfanin da kansa ya gane matsalar, ya fito da na ƙarfe zalla. Wasu an canza musu tun a Amurka, wasu ba a canza ba. Waɗanda suke da kular mai, wato abin sanyaya bakin mai, a gaban inji su ma akwai irin wannan robar a can ƙasa. Duk wanda ya sayi 2008 bai duba wannan ba, ya yi ganganci. Canzawar ba tsada, injin da zai kashe shi ne tsada.

Na biyu wotafam. Yakan fara zubar da ruwa kaɗan-kaɗan, za ka ga wani busasshen abu ruwan hoda a gefen inji, ko ka ji gurnani in ta yi sanyi. Wurin a matse yake, sai an ɗaga inji kafin hannu ya shiga, shi ya sa kuɗin aikin ya fi na Corolla nesa.

Na uku fulogi ukun baya. Suna ƙarƙashin manifol, sai an kwance shi. Da yawa yaran gareji sai su canza ukun gaba su ce an gama. Mota ta dinga rawa, mai ita yana ta sayen kwayil.

Na huɗu ƙara a sitiyari, ƙwas-ƙwas in kana juyawa a hankali ko ka hau gargada. Sandar da ta haɗa sitiyari da ƙasa ce, ba ƙafa ba ce. Na ga mutumin da aka canza wa ƙafar gaba gaba ɗaya a kan wannan ƙarar, kuma ba ta daina ba.

In ka ga bakin mai yana jiƙa murfin sarƙa ta gefen inji, wannan kuma ka rage kuɗi sosai ko ka bar ta, don gyaransa na gaskiya sai an sauke inji.

Dan_Kwari:
Allah ya saka da alheri Usta. Wallahi ƙarar sitiyarin nan tawa tana yi, shekara biyu ina zaton bol-joyin ne.

Abban_Sadiq:
Usta Allah ya ƙara basira. To ita fulogi huɗun fa? Ni hankalina ya fi karkata can saboda mai.

Usta_KofarRuwa:
Injinta 1AR ne, lita 2.7, daga 2009 aka fara saka shi, irin na Venza mai fulogi huɗu. Giyarta shida, ta fulogi shidan biyar. Inji ne mai sauƙin aiki, komai a fili, kuma bakin man juyenta bai kai na waccan ba, waccan kusan lita shida take ci. Amma abu biyu. Ɗaya, jikin motar nauyi ne da shi, in ka ɗora mutum bakwai da buhun masara ka kunna esi, sai ka danna sosai kafin ta tashi, ragin man da kake hange sai ya zama kaɗan. Biyu, duk fulogi huɗu tayar gaba kawai take ja. Mai jan taya huɗu sai a fulogi shida, kuma ita ma ba duka ba. Ka leƙa ƙarƙashin 2008 ɗin, in ka ga dogon ƙarfe ya tafi daga giya zuwa tayoyin baya, to mai ja huɗu ce.

Sani_Direba:
Ni dai ban ga abin da ya kai mai yara biyar wurin Highlander ba alhali ga Sienna. Inji ɗaya ne, Usta ya faɗa. Ni haya nake yi da ita Kano zuwa Abuja, mutum bakwai kowa ya miƙe ƙafa, kaya kuma a baya akwai rami mai zurfi. Highlander suna ne kawai da tsayi.

MamanKhairat:
Malam Sani ya taɓo inda ni zan yi magana. Abban Sadiq, ni nake tuƙa tamu kullum, 2009 ce, ni nake kai yara makaranta daga Sheka. Kujerar baya ta ukun nan ta yara ce, yaran ma ƙanana. Babbar 'yata tana aji uku na sakandare, in ta zauna a can gwiwarta har ƙirji, kafin mu kai Wudil ta fara kuka da ƙafa. Kuma da zarar ka ɗaga kujerar, but ya tafi. Abin da zai rage bai fi ka sa jakar hannu biyu da kular abinci ba. Ranar da za mu je biki Gaya sai da muka ɗaura akwati a sama.

Wani abin kuma, a irin tamu kujerar ta uku a haɗe take, ko ka ɗaga duka ko ka kwantar duka. Daga 2011 ne aka raba ta biyu, yaro ɗaya ya zauna a gefe, ɗaya gefen ka kwantar ka sa kaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Amma fa ina jin daɗinta. Kana zaune a sama kana ganin hanya, 'yan adaidaita sahu ba sa matse ka yadda suke yi wa ƙaramar mota, esinta har baya yana kaiwa, kuma ranar da ruwa ya cika layinmu ni kaɗai nake fita. Ku kuma ku takwas ne in na ƙirga daidai, kai da maman yara da Hajiya da yara biyar. Motar ta mutum bakwai ce.

Abban_Sadiq:
Haka ne Hajiya, mu takwas ne, sai dai autar tana hannu tukuna. Na gode da wannan bayani, ban taɓa lura da zancen rabuwar kujerar ba.

Nura_Gwammaja:
Mutum takwas? To Honda Pilot ta 2009 zuwa 2015 ita ce amsarka. Kujera takwas cif, bayan ma babba zai zauna, kuma a kasuwa ta fi Highlander sauƙin kuɗi. Mutanenmu dai an sa musu Toyota a rai ne.

Usta_KofarRuwa:
Pilot mota ce, ban raina ta ba, kuma ta fi faɗi. Amma bel take amfani da shi, in ya tsinke kana tafe bawul sun tafi. Ga tsarin nan nata na kashe wasu silinda don rage shan mai, in ta tsufa yana jawo cin bakin mai da kashe mawuntin inji. Masu iya mata a Kano ba su kai masu iya Toyota yawa ba. Wanda yake da bakanikensa na Honda ya saya.

Nura_Gwammaja:
Shekara huɗu ina hawa, bel sau ɗaya na canza na huta. Kowa dai da abin da ya saba.

Sani_Direba:
Ni har yanzu Sienna nake cewa.

Dan_Kwari:
Sani, ka karanta tambayar kuwa? Burji ya ce, da damina. Sienna cikinta a ƙasa yake, ga tsawo. Highlander tsakaninta da ƙasa ya kai santimita 20. Wannan tazarar ita ce duk dalilin sayen motar.

Injiniya_Bichi:
Gaskiya ne ta fi Sienna tsayi, amma kada a ɗauke ta Prado ko Hilux. Highlander a kan ƙirar Camry aka gina ta, ba ta da shasi irin na manyan motocin daji, kuma ko mai ja huɗun ba ta da ƙaramar giyar nan ta fita daga taɓo. Burji, yashi kaɗan, kwatami, ruwa iya rabin taya, duk za ta wuce. Amma in hanyar ƙauyenku irin wadda tirakta take kafewa ce, ita ma za ta kafe. Abban Sadiq, Hiace da Sharon na haya suna shiga garinku da damina? In suna shiga, ko mai jan gaba ta ishe ka.

Abban_Sadiq:
Golf da Sharon suna shiga in an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Matsalar wani mashigi ne guda ɗaya da ruwa yake cin gefensa, cikin Corolla yana dukan ƙasa.

Injiniya_Bichi:
To tsayi kake buƙata, ba ja huɗu ba. Ja huɗu ƙarin mai ne, ƙarin kayan gyara, kuma tayoyinta huɗu dole su zama iri ɗaya masu ci ɗaya, ba a yi mata gauraye.

Auwal_Legas:
Duk ana ta zancen inji, ba wanda ya tambayi takarda. Ni aikina ke nan, fitar da motoci daga tashar jirgin ruwa. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma har gobe ana shigowa da su ta daji, a yi musu takardar da ba ta da asali. Beljiyom da ka ga kuɗinta ya yi daidai da wadda aka hau shekara uku a Kano, dole ka tambayi dalili. Ka karɓi kwafin takardun duti ka je ofishin kwastan da ke Bompai a duba maka kafin ka ba da ko sisi. In dillali ya fara cewa ai ba sai an je ba, ka san inda aka dosa.

Na biyu, lambar shasi. Harufa da lambobi 17 ne, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofa. Ka tabbata iri ɗaya ce a duka wuraren da kuma kan takarda. Sannan ka ba wani yaro mai waya ya bincika maka ita a intanet. Yawancin motocin da ake kawo mana daga Amurka na gwanjon inshora ne, ko haɗari ko ambaliya, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan. Mai haɗarin gefe ko baya ba laifi in an gyara da kyau. Wadda ruwa ya shanye ita ce masifa, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar dashbod ta kama, jibi ta ƙi tashi.

Ummi_Dorayi:
Wannan magana ta Malam Auwal ita ta faru da mu. Maigidana ya sayi tasa wurin wani dillali, tana ƙyalli, ƙamshi ko'ina. Bayan wata biyu wani wari ya fara tashi in an rufe gilashi. Da aka ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙafafun kujeru. Shekara guda muna hanyar mai wayarin, ƙarshe da asara aka rabu da ita. Don Allah ka ɗaga kafet, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai shatin ruwa.

Auwal_Legas:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ƙari kuma, mita mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6. Kuma ana juya ta. Motar 2008 da za ta nuna maka mil dubu saba'in, ka dubi fatar sitiyari da robar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya.

Baba_Fagge:
Yaro, in ka saya abu na farko ka sa a cire tamostat, abin nan mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye. Motocin nan don ƙasar sanyi aka yi su. Zafin Kano na watan Afrilu ba wasa ba ne. Mu haka muka yi wa Fijo da Marsandi shekara da shekaru.

Usta_KofarRuwa:
Baba, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Fijo 504 kafireto ce, wannan kwamfuta ce take ba ta mai. In aka cire tamostat inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Shan man da Malam_Hotoro yake kuka da shi sai ya ƙaru, inji kuma ya dinga cin kansa. A Amurkar ma akwai jihohin hamada masu zafi kamar namu, da tamostat ɗinsu suke yawo. Abin da yake sa ta zafi a nan lagireto ne da ya toshe, saboda ana ɗura masa ruwan rijiya ko na leda. A sa mata ruwanta mai launin hoda, a wanke ƙurar da take toshe gaban lagireto bayan hunturu, shi ke nan.

Baba_Fagge:
To Usta, ku ne na zamani. Amma ni tawa tsohuwar ƙirar ce, 2005, a cire yake, kuma ba ta taɓa tafasa ba.

Usta_KofarRuwa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ka kawo ta wata rana in mayar maka, ka gwada tanki ɗaya ka gani. Kyauta zan yi.

Sadiq_Kurna:
Ni tambayata, ba za a iya mayar da ita gas ba? Na ga ana ta juya motoci zuwa CNG.

Injiniya_Bichi:
Ana iyawa, amma tukunyar a but ake ajiye ta, daidai inda kujera ta uku take kwanciya. Mutumin da ya sayi mota don kujera bakwai, in ya sa tukunya ya koma biyar. Ga kuma neman inda za a sha gas ɗin in an fita gari.

Dan_Kwari:
Duk wannan wahalar ai wanda ya cire tallafi ne ya jawo mana. Da mai yana yadda yake wa zai tsaya lissafin lita?

Malam_Hotoro:
Ai kuwa dai. Mu da muka sayi lita ƙasa da naira 200 a farkon 2023.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan mota. Siyasa tana da nata zauren.

MamanKhairat:
Na manta ban faɗa ba, ka dubi girman taya. Tamu mai lamba 19 ce, wato manyan rim ɗin nan na Limited da Sport. Kyau kam akwai, amma tayarta tsada, kuma ba kowane shago ake samu ba, ranar da ta fashe mana a hanyar Dutse sai da muka dawo a kan safaya. Mai rim 17 ta fi sauƙin samu kuma ta fi laushi a gargada. Safayar ma a ƙarƙashin mota take ta baya, ka sa a sauke ta a gabanka, don tamu da muka saya ƙarfen sauke ta ya ci tsatsa.

Sani_Direba:
Wannan gaskiya ne. Kuma Beljiyom da yawa da tayar sanyi suke zuwa, ga ta da zane kamar sabuwa, ta hau kwaltar Kaduna da rana ta fashe. A duba lambobi huɗun nan na jikin taya, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara.

Abban_Sadiq:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya Asabar na je da bakanikena mun ga duka biyun, ga abin da muka samu.

Ta 2008: mai ja huɗu ce, rim 19. Lambar shasi da J ta fara. Bututun da Usta ya faɗa har yanzu na roba ne. Mun ɗaga kafet, a bushe yake tas, ba tsatsa. A intanet mun ga hotonta, an buge ta a baya ta gefen dama, an gyara. Injin shiru kamar ba a kunna ba. Da na ce za mu je Bompai da takardu, dillalin ya ce ba matsala amma sai Litinin mai motar ya dawo.

Ta 2011: kujerar baya rabe biyu kamar yadda Maman Khairat ta ce, rim 17. An cire tamostat, fanka tana ta juyawa tun daga tayarwa, ruwan lagireto ja kamar shayi. Esi sai a hankali. Giya tana ɗan fizga daga ta biyu zuwa ta uku in ta yi zafi. Mai ita ya ce man giya ne kawai. Takardunta cikakku, da sunansa.

Auwal_Legas:
J Japan ke nan, duk 2008 can aka haɗa su, sai daga baya aka koma haɗawa a jihar Indiana ta Amurka, waɗannan da 5 suke farawa. Ka jira Litinin ɗin. Kada ka ba da kafin alƙalami, ko ya ce wani yana zuwa da kuɗi.

Usta_KofarRuwa:
"Man giya ne kawai" ita ce maganar da na fi ji a bakin masu sayarwa. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila an zuba mata man da ba nata ba, don man giyar Toyota mai suna WS take sha, kuma da yawa jan man nan na kowa-da-kowa ake ɗura mata. In an daɗe ana tafiya a haka, canza mai ba zai dawo da abin da ya cinye ba. A sa mata kwamfuta, a kuma tuƙa ta ta yi zafi sosai, ku hau titin Wudil ku dawo, ba zagayen layi ba. Ni a yadda ka kwatanta, lafiyar 2008 ta fi, in takarda ta fita. Ka canza bututun nan a ranar da ka karɓe ta, kafin ma ka kai ta gida.

Malam_Hotoro:
Lafiya ta fi, amma ita ce mai ja huɗu, ita ce mai fulogi shida, ita ce mai taya 19. Duk abu uku masu cin kuɗi sun haɗu a mota ɗaya. Ni da zan ba ka shawara irin ta ɗan'uwa, kada ka sayar da Corolla. Ka ci gaba da zuwa aiki da ita, ita kuma babbar ta zama ta ƙarshen wata.

Abban_Sadiq:
Malam, da kuɗin Corollar zan cika. In ban sayar ba, ba zan iya ko ɗaya ba.

Dan_Kwari:
To ka nemi ta uku mana. Fulogi shida mai jan gaba, rim 17, 2011 zuwa sama. Suna nan, ba gaggawa. Damina ma da saura.

Nura_Gwammaja:
Ko ka zo ka ga Pilot ɗina ka zauna a kujerar baya da kanka, ba sayarwa zan yi ba, don dai ka kwatanta.

MamanKhairat:
Abban Sadiq, tunda don Hajiya ake wannan duka, ranar Litinin ka tafi da ita ta gwada hawa. Surukata ma ciwon gwiwa ne da ita, hawa tamu yana yi mata wuya sai mun sa mata ɗan kujerar tsuguno. Ita 2008 ɗin tana da matakala a gefe?

Abban_Sadiq:
Ba ta da shi Hajiya. Zan tafi da ita in sha Allah, in ta yarda ta fito.

Usta_KofarRuwa:
Matakala ana ɗaurawa, akwai a Kofar Ruwa, sai dai tana rage tsayin nan da kake nema a mashigin ku. In kun je Litinin ka sa a ɗaga motar, ka ɗauko mini hoton ƙarƙashinta ta baya inda aka buge, da gefen inji wajen bel. Ka turo nan in gani.